Kwana Biyar Sun Isa: Maganin Sitiroyid da Tashin Ciwon Toshewar Huhu



Sa'ad da aka aiko mini da takardar gayyata, an ce in zaɓi abin da na ga dama cikin sha'anin kiwon lafiya, muddin dai ya shafi mutanen yankinmu, watau Kazaure da Roni da Gwiwa, har zuwa Babura can bakin iyakar Nijar. Na daɗe ina juya abin a raina. Zazzaɓin cizon sauro an sha magana a kansa, haka ma ƙyanda da amai da gudawa. Daga bisani sai na tuna da wata 'yar ƙwaya fara, wadda ba ta kai ƙwayar wake ba, kuɗinta kuma bai taka kara ya karya ba, wadda ina kyautata zaton akwai ta yanzu haka a ɗakin wani dattijo ko wata tsohuwa cikin dangin yawancinmu, a ƙulle cikin leda ko a bakin zane. A kanta zan yi magana, da kuma ciwon da ya fi sa a ba tsofaffi ita.

Bari in fara da gwaggota, Allah Ya jiƙanta. Tana aure a wani ƙauye cikin duwatsun Roni, kuma tun tana 'yar shekara goma sha biyar take bakin murhu safe da yamma, a ɗakin girki marar taga, tana iza kara da itace, in damina ta yi kuwa itacen ma ɗanye. Ba ta taɓa sa taba a bakinta ba. Da ta haura shekara hamsin sai tari ya zauna mata, da kaki kowace safiya, in ta ɗauko tulu daga rijiya sai ta tsaya sau biyu tana haki. Mutanen gida suka ce tsufa ne. Wata shekara da hunturu ya kankama, hazo ya rufe gari, sai numfashinta ya sarƙe, har ba ta iya kai ƙarshen magana sai ta huta. Aka kai ta asibiti, aka ba ta magunguna, cikinsu har da wannan farar ƙwaya, aka ce ta sha na 'yan kwanaki. Kafin kwana uku ta miƙe. Da maganin ya ƙare, ta ga ai ta sami abin da ya fi ƙarfin ciwonta, sai ta ba jikanta kwalin ta ce ya je kemis ya sayo irinsa. Mai kemis bai nemi takardar likita ba. Haka ta yi ta sha, biyu da safe biyu da dare, har wata bakwai. Fuskarta ta cika ta yi ɓul-ɓul, ciki ya fito, masu zuwa gaisuwa suna cewa, "Kai, madalla, Gwaggo ta murmure." Ba wanda ya lura hannuwa da ƙafafu sai ƙara sirancewa suke yi, ga ƙishirwa, ga yawan fitsari da dare.

Ni kuwa a lokacin ina makaranta kamar ku. Na zo hutu na ga kwalin, na karanta sunan maganin, da ɗan ilmin da nake taƙama da shi na ce maza ta daina, wannan ai guba ne. Ta daina a ranar. Bayan kwana biyu ta kwanta da amai da jiri, jininta ya faɗi ƙasa warwas, da ƙyar aka ceto ta. Kuskure biyu aka yi, nata da nawa, kuma nawa ne ya fi kusa da kai ta kushewa. Duk abin da zan faɗa yau bayanin waɗannan kurakurai biyu ne.

Ciwon da ya kama gwaggo shi ne wanda likitoci ke taƙaita sunansa da haruffa huɗu, COPD. Da Hausa sai mu ce toshewar huhu mai daɗewa. Ku ɗauki huhu kamar bishiya ce aka juya kanta ƙasa: maƙogwaro shi ne gindi, daga nan rassa suka yi ta rabuwa suna ƙanƙancewa, har a ƙarshensu a sami 'yan jakunkuna miliyoyi inda iska ke saduwa da jini. In hayaƙi ya yi shekaru yana bin waɗannan rassa, sai bangonsu ya kumbura ya yi kauri, majina ta taru, su kuma jakunkunan su saki kamar zugazugin maƙeri da fatarsa ta tsufa. Iska takan shiga, amma fitarta da wuya. Bambancinsa da asma shi ne, asma takan zo ta tafi, sau da yawa tun daga ƙuruciya, shi kuwa wannan a hankali yake shigowa bayan an manyanta, kuma abin da ya ɓata ba ya komawa yadda yake. Ana tabbatar da shi da wata na'ura da majinyaci ke hura wa iska da iyakar ƙarfinsa. In abin da ya fitar cikin daƙiƙa ta farko bai kai kashi 70 cikin ɗari na dukan abin da ya iya fitarwa ba, bayan an ba shi maganin buɗe ƙirji, to, akwai toshewa. Wannan na'ura galibi sai a manyan asibitoci ake samunta, irin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon nan ya kashe mutum miliyan 3.5 a shekarar 2021, ya zama na huɗu cikin masu kisa a duniya. A ƙasashe masu arziki taba ce ke jawo fiye da kashi 70 cikin ɗari na masu shi, amma a ƙasashe irin namu rabon taba bai wuce kashi 30 zuwa 40 ba, hayaƙin cikin gida kuwa yana cikin manyan dalilai. Wani bincike da aka yi a Ile-Ife ya sami toshewar a jikin kusan mutum 8 cikin ɗari na waɗanda suka kai shekara arba'in. Wani kuma da aka buga a 2015, daga ƙauyukan Masindi ta ƙasar Yuganda, inda ake girki da itace kamar mu, ya sami 16 cikin ɗari na waɗanda suka haura shekara talatin. Ku dubi garuruwanmu ku ƙirga masu wuni cikin hayaƙi da ƙura: mai tuyar ƙosai, da mai gasa tsire, da maƙeri, da mai ƙona gawayi, da mata masu sussuka da sheƙa, da dattijon da ke kwana da kaskon wuta a ɗaki rufe lokacin ɗari. Ku haɗa da wanda ya yi tarin fuka ya warke ya bar tabo a huhu, domin shi ma yakan sami irin wannan toshewa. Sa'an nan daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu ta kwaso mana ƙura tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta zo da mura a bayanta.

Mai wannan ciwo yana da halin da ya saba da shi na yau da kullum: ɗan tarinsa, ɗan hakinsa. Abin da muke kira tashin ciwo shi ne, cikin 'yan kwanaki hakin ya fi na kullum, kaki ya ƙaru ko ya sāke launi ya koma ɗorawa ko kore, ƙirji ya riƙa kuka. Galibi mura ce ke tsokano shi, ko ƙwayoyin cuta, ko ƙura da hayaƙi. Abin da ke faruwa a ciki shi ne, hanyoyin da dā ma ƙuntatattu ne sun ƙara kumbura. A nan ne sitiroyid ke shigowa, domin a duk magungunan da muke da su babu mai sassabe kumburi kamarsa.

Shi wannan magani ba baƙo ba ne ga jiki. A kan kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka da ke zuba wani sinadari cikin jini, sunansa kotisol, wanda ke riƙe ƙarfin jini da sukari, yana kuma kwantar da kumburi. Ya fi yawa da asuba, ya ragu da dare. A shekarar 1948, a asibitin Mayo na Amurka, likita Philip Hench da abokan aikinsa suka yi wa wata mata allurar ɗan'uwan wannan sinadari, watau kotizon. Amosanin gaɓɓai ya kwantar da ita, amma cikin 'yan kwanaki ta tashi tana tafiya. Duniya ta ɗauka, har a 1950 aka ba shi lambar Nobel tare da Edward Kendall da Tadeus Reichstein. Ba a daɗe ba kuma likitocin suka ga ɗaya fuskar maganin, suka ga kumburin fuska da sauyin hali ga waɗanda suka jima suna karɓa. Zuma ke nan, ga zaƙi ga harbi. A 1955 aka fito da firednisolon, ita ce farar ƙwayar gwaggo, bayanta kuma deksametazon, wadda 'yan kemis ke kira deksa. Kada ku haɗa su da sitiroyid ɗin da ake kama 'yan wasa da shi, wancan dangi ne dabam.

To, me maganin ke yi wa wanda ciwonsa ya tashi? An yi shekaru ana bayarwa ba tare da cikakkiyar hujja ba, sai a 1999 aka buga bincike biyu da suka daidaita magana. Na farko a asibitocin tsofaffin sojojin Amurka, da majinyata 271. Waɗanda aka ba sitiroyid sun fi saurin samun numfashi, sun rage kwana guda a asibiti, kuma waɗanda jinyarsu ta ci tura cikin wata na farko 23 ne cikin ɗari, alhali ga waɗanda ba a ba su ba 33 ne. Na biyu a birnin Liverpool na Ingila, inda ƙwayar firednisolon ta rage zaman asibiti daga kwana 9 zuwa 7. Wannan amfani ne na gaske, kuma duk wanda ya taɓa ganin tsoho yana kokawa da numfashi ya san darajar kwana biyu. Sai dai ku riƙe iyakarsa. Ba a ga ya rage mutuwa ba, ba ya kuma gyara huhun da ya lalace. Kumburin ranar yake saukarwa.

Tambaya ta biyu ta fi muhimmanci gare mu: kwana nawa, kuma nawa za a sha? Tarihin amsar nan tarihin ragi ne. A wancan bincike na sojoji, abin da ake ɗura wa mutum ta jijiya a kowace rana cikin kwana uku na farko ya ninka abin da muke bayarwa yanzu fiye da sau goma sha biyar. An kuma raba su, waɗansu suka sha mako takwas, waɗansu mako biyu, aka tarar masu mako takwas ba su fi da komai ba. Sai aka tsaya a mako biyu. Ana nan, a 2013 likitocin ƙasar Suwizalan suka buga nasu, daga asibitoci biyar, da majinyata 314. Kowa aka ba shi miligiram 40 a rana, rabi kwana 14, rabi kwana 5, aka bi su wata shida. Waɗanda ciwon ya sāke tasar wa kusan 37 ne cikin ɗari a wancan ɓangare, kusan 36 a wannan. Babu bambanci ke nan, alhali jimlar maganin da masu kwana biyar suka sha bai kai rabin na 'yan'uwansu ba, miligiram 379 a kan 793. Saboda haka ƙa'idar da kwamitin duniya na wannan ciwo, mai suna GOLD, yake bayarwa ita ce miligiram 40 na firednisolon a rana, kwana biyar. A Ingila sukan ba da 30, su ma kwana biyar. Ƙwayar da ta fi yawa a kasuwarmu ta miligiram 5 ce, watau guda takwas ke nan a sha gaba ɗaya, da safe bayan karin kumallo, domin a bi sawun yadda jiki ke fitar da nasa, kuma kada ta hana barci. Na sha ganin an ji tsoron yawan ƙwayoyin, an mai da su bibbiyu ana sha har kwana ashirin. Wannan an rage amfanin an ƙara cutar.

Yanzu sai maganar allura. Na san halinmu. Dattijo in ya je asibiti ba a soke shi ba, ba a rataya masa ƙarin ruwa ba, to, a ganinsa likita ya raina shi, ko kuwa 'ya'yansa sun yi masa rowa. Ku kuma da kuka fara ɗaukar albashi kukan ji kunya ku koma gida da 'yar ƙwayar naira kaɗan, sai ku ce wa ma'aikaci, "Malam, a yi masa mai ƙarfin." Gaskiyar magana ita ce, hanji yana tsotse firednisolon kusan dukkanta, kuma cikin sa'o'i take soma aiki. A 2007 an gwada a ƙasar Holan da majinyata 210, rabi ta baki rabi ta jijiya, adadi ɗaya, sakamakon ya zo daidai. Allura ta jijiya, irin su haidirokotizon, tana da wurinta: mai amai, ko wanda ya galabaita ba ya iya haɗiya, ko wanda aka sa wa injin numfashi. Wadda nake roƙon ku guje wa ita ce allurar sitiroyid mai daɗewa, wadda ake yi a tsoka ta yi makonni tana narkewa. Ƙwaya in ta ba da matsala gobe sai a tsai da ita. Wannan kuwa in ta shiga ta shiga, ba mai zaro ta.

Akwai hanya ta uku, watau a turara maganin. Ana zuba wani sitiroyid mai suna budesonaid cikin injin da ke mai da ruwa tururi, majinyaci ya shaƙa. Wani bincike na 2002, da majinyata 199, ya nuna yana buɗe ƙirji kusa da yadda ƙwaya ke yi, kuma bai cika ta da sukari ba, don haka yakan dace da mai ciwon sukari wanda tashin ciwonsa bai yi tsanani ba. Amma ya fi tsada nesa, ga shi yana son wutar lantarki, ita kuwa kun san halinta a ƙauyukanmu.

Deksa fa? Ita ce ta fi sauƙin samu, ita ce kuma ta fi ba ni tsoro. Miligiram 6 nata daidai yake da 40 na firednisolon, kuma takan wuce yini guda da rabi tana aiki a jiki. Likita yana iya amfani da ita in babu waccan, bisa lissafi. Abin takaici shi ne yadda ta zama kayan haɗi. Ana ƙulla ta cikin leda tare da maganin ciwon jiki a sayar wa manomi da ya gaji, ana kuma sayar wa 'yan mata ita a cikin abin da suke kira sha-ka-fashe domin su yi ƙiba. Ƙibar nan kuwa irin ta gwaggo ce: ruwa da kitse a fuska da ciki, tsoka tana zagwanyewa. Wanda ya daɗe a kanta yana sayen ciwon sukari, da hawan jini, da yanar ido, da ƙashi mai gautsi wanda ke karyewa da ɗan tuntuɓe, da fata mai yagewa, da gyambon ciki in an haɗa ta da magungunan ciwon jiki. Ko ɗan gajeren sha ma ba kyauta ba ne. Wani nazari na 2017 a Amurka, a kan mutum miliyan ɗaya da rabi, ya nuna cewa cikin wata guda bayan ɗan gajeren sha, haɗarin shigar ƙwayoyin cuta cikin jini ya ninka wajen sau biyar, na daskarewar jini a jijiya sau uku, na karaya kusan sau biyu. Haɗarin ga mutum guda kaɗan ne, amma ya isa ya hana a riƙa sha don mura.

Ga wani abu da likitan Suwizalan bai cika damuwa da shi ba, mu kuwa tilas mu sa shi gaba. Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka fi yawan masu tarin fuka a duniya. Tsoho mai tari da haki da rama, wa ya ce toshewar huhu ce? Sitiroyid yana kwantar da garkuwar jiki, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mugun abin shi ne, da fari mai tarin fuka yakan ji daɗin maganin: zazzaɓi ya sauka, cin abinci ya dawo, gida a yi murna, alhali cutar tana cin huhu a ɓoye, yana kuma rarraba ta ga jikokin da ke kwana ɗakinsa. Don haka duk tarin da ya kai mako biyu, balle in da jini a kaki, ko gumin dare, ko rama, a kai kaki a auna. Awon da maganin duka kyauta ne a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati. Haka nan ciwon zuciya yakan zo da haki iri ɗaya. In ƙafafu sun kumbura, mutum ba ya iya kwanciya sai a jingine, sitiroyid zai ƙara tara masa gishiri da ruwa ne. Mai ciwon sukari lalle a riƙa auna sukarinsa cikin kwanakin nan biyar, domin yakan hau ƙwarai, musamman da yamma. Mai sikila kuwa sitiroyid yana iya ta da masa ciwon ƙashi, sai a gaya wa likita tun kafin ya rubuta.

A 'yan shekarun nan masana sun gano cewa ba kowane majinyaci ne maganin ke yi wa aiki daidai ba. Cikin fararen ƙwayoyin jini akwai wani iri mai suna iyosinofil, kuma waɗanda suke da shi da yawa, kamar 300 ko fiye a ma'aunin da aka saba, su suka fi amfana. A 2019 a ƙasar Denmak an gwada da majinyata 318, rabinsu ana auna musu jini kowace rana, bayan ranar farko ba a ba su maganin sai ranar da adadin ya kai. Tsakaicin kwanakin sha ya sauko daga 5 zuwa 2, kuma ba su fi sauran daɗewa a asibiti ba. Wannan awo ba wani abin mamaki ba ne, yana cikin ƙirgen jini na yau da kullum. Amma a nan ma sai mu karanta shi da idon ƙasarmu, domin tsutsar ciki ita ma tana ɗaga iyosinofil. Manomin rani da ke wuni ba takalmi a bakin madatsar ruwa ta Kazaure yana iya samun adadi mai yawa, ba don ƙirjinsa ba. Akwai ma wata ƙaramar tsutsa mai shiga ta fatar ƙafa, wadda in an danne garkuwa da sitiroyid takan bazu cikin jiki har ta yi kisa. Ina fata cikinku masu karatun likita da na awon jini wani zai ɗauki wannan ya zama aikin bincikensa.

Kada kuma a ɗauka sitiroyid shi kaɗai ne jinyar. Na farko a layi shi ne maganin buɗe ƙirji na shaƙa, salbutamol, wanda ke aiki cikin mintoci, kuma in tashin ciwon ƙarami ne shi kaɗai yakan wadatar. Mutanenmu suna gudunsa, wai wanda ya fara ba ya bari. Wannan camfi ne, kuma shi ke tura su ga ƙwayar da ta fi shi illa. Tsohon da ba ya iya daidaita fesawa da jan numfashi, a huda gindin gorar ruwa ta roba mai rabin lita, a sa bakin abin feshin a nan, ya shaƙa ta bakin gorar. Likitocin Afirka ta Kudu sun gwada wannan dabara ga yara masu asma tun 1999, ta yi aiki. Maganin kashe ƙwayoyin cuta sai in kaki ya sāke launi tare da ƙaruwar haki ko yawansa. Iskar oksijin kuma da awo ake ba mai wannan ciwo, a tsai da ita tsakanin 88 da 92 cikin ɗari, domin in ta yi yawa takan sa gurɓatacciyar iska ta taru a jini har ya suma. Wanda leɓɓansa suka yi duhu, ko ya rikice, ko barci ke fizgarsa da rana tsaka, ko ba ya iya haɗa kalmomi uku, wannan ba na kemis ba ne, a nemi mota. In kuwa mutum yana bukatar kwana biyar ɗin nan sau biyu ko fiye a shekara, alama ce maganinsa na kullum bai isa ba, sai likita ya duba ko za a sa shi kan abin shaƙa mai dogon aiki, wani lokaci haɗe da ɗan sitiroyid na shaƙa, wanda ake kurkure baki bayansa.

Saura kuskurena. Wanda ya sha na kwana biyar yana iya tsayawa kai tsaye, ba sai an bi da ragi ba. Amma wanda ya wuce mako uku yana sha, 'yar tsokar nan ta kan ƙoda ta ga ana kawo kaya daga waje, ta yi kwanciyarta ta daina aiki. In aka yanke maganin rana ɗaya, jiki ya rasa na waje ya rasa na gida, sai jini ya faɗi, sukari ya faɗi, mutum ya tafi. Irin wannan a hannun likita ake rage masa kaɗan-kaɗan, makonni ko watanni, har tsokar ta farka. Saboda haka in kun je hutu kun tarar da irin kwalin da na tarar, kada ku ƙwace, kada ku yi faɗa. Ku tambayi tun yaushe ake sha, guda nawa a rana, ku ɗauki kwalin da mai shi ku tafi asibiti.

Na zaɓi in faɗa muku wannan ne domin a gidajenmu ku ake miƙa wa takardar asibiti a ce, "Karanta mana." Ku ake bugo wa waya daga Gwiwa ko Babura a ce Baba ba ya iya numfashi, a turo kuɗi. In an rubuta firednisolon, ku tambayi kwana nawa, ku rubuta ranar gamawa a jikin kwalin da manyan baƙaƙe, ku gaya wa wanda ke jinya kada a sayo ƙari. Ku tambaya ko an auna kaki, ko an auna sukari. Ku kuma da kuke aiki a sashen lafiya na ƙananan hukumomi, ko kuke rubuta takardun sayen kaya, ku tuna da abin shaƙa na salbutamol, da tsinken awon sukari, da 'yar na'urar nan da ake maƙala wa yatsa ta nuna yawan oksijin. Ba su da tsada, kuma a watan Oktoba ya kamata su iso ɗakin shan magani, tun da ba a fafe gora ranar tafiya.

Ita gwaggo, wata uku aka yi ana rage mata maganin kafin ta rabu da shi. Sukarin bai sauka duka ba, da shi ta ƙarasa rayuwarta. Ƙanena ya fasa bangon ɗakin girkin ya fitar da taga biyu, daga baya ma aka mai da murhun ƙarƙashin rumfa a tsakar gida, ta yi ta mita wai iska na cinye mata itace. Ta ƙara shekara tara a duniya, cikinsu sau huɗu ciwon ya tashi, sau huɗu ta sha ƙwaya takwas-takwas na kwana biyar.

Malam shugaban taro, na ga an miƙo mini 'yar takarda cewa lokaci ya yi.  In akwai tambaya, bismilla.